Rijiya da Guga: Tsarin Kula da Ma'aikata, Manajan Reshe da Hidimar Banki

Duk wanda ya taɓa shiga banki ya bi layi, ya san cewa ba da hukumar daraktoci ya ke hulɗa ba, ba kuwa da babban shugaban da hotonsa ke fitowa a jarida ba. Iyakar waɗanda ya sani su ne akawun da ke zaune a bayan kanta, da mai buɗe asusu, sai kuma manajan reshe idan magana ta yi tsamari. Idan waɗannan suka sakar masa fuska, suka biya masa bukata bisa gaskiya, sai ya fita yana cewa bankin nan na kirki ne. Idan kuwa suka wulaƙanta shi, ko suka cuce shi, to, ba sunan akawu zai riƙe ba, sunan banki zai riƙe, ya kai shi kasuwa, ya kai shi majalisa. Ta wannan fuska hajar banki ta sha bamban da ta mai kanti. Mai sayen atamfa yana iya warware ta, ya jujjuya, ya duba ƙwarinta kafin ya biya. Mai ajiya a banki ba shi da abin dubawa sai halin mutumin da ya miƙa wa kuɗinsa.

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin abin da ke sa ma'aikacin banki ya yi wa jama'a hidima ta gari ko ta banza. Hannu biyu ne ke sarrafa wannan ma'aikaci. Na farko shi ne sashen kula da ma'aikata da ke zaune a hedkwata, wanda ke tsara yadda za a ɗauki mutum aiki, da yadda za a horar da shi, da abin da za a biya shi, da ma'aunin da za a auna aikinsa da shi, da dalilin ƙarin girma ko na kora. Na biyu shi ne shugabansa na kusa, watau manajan reshe da mataimakansa, waɗanda ya ke gani kullum safiya. Tsarin hedkwata a takarda ya ke, kuma takarda ba ta magana da kowa. Manajan reshe ne ke ba ta murya. Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, kuma sau da yawa haka abin ya ke a banki. Amma akwai wani gefen da karin maganar bai faɗa ba, shi ne cewa idan ruwan rijiyar gurɓatacce ne, guga mai ƙwazo shi ya fi kowa saurin kai cuta gida.

Abin da bincike ya nuna

Ba yau masana suka fara lura da wannan al'amari ba, kuma ba haɗari ba ne ya sa suka fi son yin bincikensu a bankuna. Rassan banki ɗaya tamkar 'yan uwa ɗaya su ke: suna ɗaya, haja ɗaya, ƙa'idodin aiki ɗaya, tsarin albashi ɗaya. Saboda haka idan aka tarar reshe guda ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau wajen gamsar da jama'a, ba za a ce bambancin daga takardar hedkwata ya ke ba, tilas a neme shi a cikin reshen.

A shekarar 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, Benjamin Schneider, shi da abokan aikinsa biyu, suka buga sakamakon binciken da suka yi a rassa 23 na wani banki a Amurka. Suka tambayi ma'aikata yadda su ke ganin reshensu ya ɗauki hidimar jama'a, sa'an nan suka tambayi masu ajiya yadda su ke ganin hidimar da a ke yi musu. Sai amsoshin suka zo daidai da juna: inda ma'aikata suka ce manajansu ya damu da hidima kuma an ba su kayan aiki, nan ne masu ajiya suka ce sun gamsu. A 1985 Schneider ya sake wannan aiki tare da David Bowen a rassa 28, suka ƙara da tambayoyi a kan yadda banki ke riƙon ma'aikatansa, ta fuskar kulawar shugabanni, da yadda a ke karɓar sabon ma'aikaci, da yadda a ke taimakonsa ya ci gaba. Nan ma aka ga cewa irin riƙon da a ke yi wa ma'aikaci a bayan kanta yana tsallakowa gaban kanta, mai ajiya ya ji shi a jikinsa, ko da yake bai taɓa ganin takardar sharuɗɗan aikin kowa ba.

Bayan shekaru, Ann Bartel ta Jami'ar Kolambiya ta yi nazarin rassan wani babban banki a Kanada, ta buga a 2004. Ta zaga rassan da ƙafarta, ta tarar cewa duk da tsarin hedkwata ɗaya ne, manajoji sun sha bamban ƙwarai wajen aiwatar da shi. Rassan da ma'aikatansu suka gamsu da yadda a ke auna aikinsu, da yadda a ke gaya musu inda suka gyara da inda suka ɓata, da yadda a ke yaba musu, su ne suka fi ciniki. Daga baya kuma, a 2007, John Purcell da Sue Hutchinson, waɗanda suka yi bincikensu a Jami'ar Bath ta Ingila a kan kamfanoni iri dabam dabam, suka fito da maganar fili: akwai tsarin da kamfani ya nufa, akwai wanda shugaba na kusa ya aiwatar, akwai kuma wanda ma'aikaci ya fahimta, kuma na ukun nan ne kaɗai ke motsa hannunsa.

Ya kamata a yi hattara da irin wannan bincike. Samun abu biyu suna tafiya tare ba ya tabbatar da wane ne ya haifi wani; mai yiwuwa ne reshen da ke unguwar masu hali, inda ciniki ke zuwa da kansa, shi ne manajansa ke da sararin yi wa ma'aikata fara'a. Amma akwai abin da ya fi ƙididdiga ƙarfin hujja, shi ne a ga abin da ke faruwa ranar da tsarin ya karkace gaba ɗaya.

Abin da ya faru a Wells Fargo

Wells Fargo tsohon banki ne na Amurka, an kafa shi a 1852, hedkwatarsa tana San Faransisko. A 1998 ya haɗe da bankin Norwest, shugabannin Norwest ɗin kuwa suka zo da wata aƙida ta ciniki wadda ta zama ginshiƙin bankin. Richard Kovacevich, wanda ya shugabanci bankin bayan haɗewar, ya ɗauki reshe a matsayin kanti, asusu da katin bashi da rance kuwa haja ce kamar kowace haja. Dabarar ita ce, duk wanda ya riga ya buɗe asusu guda, a lallashe shi ya ƙara da wani: asusun tanadi, katin cirar kuɗi, katin bashi, rancen gida, inshora. Burin da aka yi ta rerawa shi ne kowane gida ya mallaki haja takwas ta bankin. Lissafin ba na wauta ba ne. Wanda ya ke da abu takwas a banki ɗaya da wuya ya kwashe ya koma wani. Bankin ya riƙa sanar da masu hannun jari cewa ya kai kimanin haja shida a kowane gida, wannan adadi kuwa ya zama abin alfaharinsa a kasuwar hannun jari.

To, a nan ne sashen kula da ma'aikata ya shigo. Domin a cim ma burin, aka yanka wa kowane ma'aikaci adadin hajar da zai sayar a rana, aka ɗaura garaɓasarsa da ƙarin girmansa, har ma da zamansa a bakin aiki, a jikin wannan adadi. Manajan reshe shi ma aka yanka masa nasa, haka manajan gunduma, haka shugaban yanki. Ana fitar da jadawali a kai a kai wanda ke jera yankuna daga na farko zuwa na kashin baya, kowa yana ganin na kowa. Manajojin gunduma na buga waya rassa sau da dama a yini suna tambayar nawa aka sayar. Kowace shekara kuma akwai gangamin watan Janairu, wanda a cikinsa a ke ƙara ɗaga adadin, har ta kai wasu ma'aikata na riƙe takardun wanda ya zo buɗe asusu a Disamba, su jinkirta shi sai sabuwar shekara ta kama domin ya shiga lissafin gangami. Mutum ya zo da bukatarsa yau, an ajiye shi makonni saboda jadawalin da bai san da shi ba.

Sai a tsaya a dubi matsayin manajan reshe a cikin wannan hali, domin shi ne mahaɗar al'amarin. A hannunsa akwai takardu biyu, duka daga hedkwata. Ɗaya littafin ɗa'a ne, mai cewa kada a sayar wa kowa abin da bai nema ba. Ɗaya kuma jadawalin ciniki ne. Ba wanda ke buga masa waya da azahar yana tambayar littafin ɗa'a, amma jadawali ana tambayarsa kafin azahar da bayanta. Ba sai an gaya masa wadda hedkwata ta fi so ba. Shi kuma abin da aka matsa masa da shi, shi ya ke saukewa a kan na ƙasa da shi, ya tsare su bayan tashi suna buga wa mutane waya, ya tuna musu cewa wanda bai cika adadi ba akwai masu jiran kujerarsa.

Unguwa kuwa ba ta ƙaruwa don an ƙara adadi. Mutanen da ke kewaye da reshe su ne dai na jiya, kuma akwai iyakar asusun da mutum ɗaya ke bukata. Da ciniki na gaskiya ya ƙare, sai aka koma na ƙarya. Ma'aikata suka riƙa buɗe wa 'yan'uwa da abokai asusun da ba za su yi amfani da shi ba. Daga nan aka wuce zuwa buɗe asusu da sunan masu ajiya ba da saninsu ba, a ɗebi kuɗi daga asusunsu na ainihi a zuba a sabon domin na'ura ta lissafa shi a matsayin mai rai, daga baya a mayar. Aka ƙirƙiri adireshin imel na bogi, aka sa wa katuna lambar sirri ba tare da mai katin ya sani ba, aka nemi katin bashi da sunan mutanen da ba su nema ba. Wasu sai suka ga ana cire musu kuɗin hidima a kan asusun da ba su san da shi ba, wasu kuma aka taɓa musu makin amincin biyan bashi, wanda a Amurka shi ke yanke irin ruwan da za a ɗora wa mutum idan ya nemi rancen gida ko na mota.

Jaridar Los Angeles Times ta tona wannan a Disamba 2013. A Mayu 2015 lauyan birnin Los Anjalas ya kai bankin kotu. Ranar 8 ga Satumba 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa asusun ajiya da katunan bashi kimanin miliyan 2 ne a ke jin an buɗe ba da izini ba. Da aka faɗaɗa bincike a 2017, adadin ya hau zuwa miliyan 3.5. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne jin cewa bankin ya kori ma'aikata kimanin 5,300 a cikin shekara biyar saboda wannan laifi.

Wannan adadi na 5,300 ya cancanci a daɗe a kansa. Shugabannin bankin sun kawo shi a matsayin shaidar cewa ba su yi sake ba, ga shi suna kama ɓarayi suna kora. Kimanin mutum dubu a shekara, in ji su, kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari na ma'aikatan sashen. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ke korar mutum dubu kowace shekara a kan laifi iri ɗaya, shekara biyar a jere, ya kamata ya tambayi kansa ko ƙofar ɗaukar aikinsa ce ke zaɓo maha'inta, ko kuwa mutanen kirki ne ke shigowa, ɗakin ya mai da su haka. Ba a yi wannan tambaya da gaske ba. Aka bi laifin ɗaya bayan ɗaya, kowane da fayil ɗinsa, aka ƙi haɗa fayilolin a ga hoton da su ke nunawa.

Rahoton da daraktocin bankin masu zaman kansu suka fitar a Afrilu 2017 ya bayyana dalili. Jami'an kula da ma'aikata na sashen rassa a ƙarƙashin shugabar sashen su ke, watau Carrie Tolstedt, wadda ita ce mai jadawalin. Ofishin ma'aikata na hedkwata ba shi da cikakken iko a kansu, bayanan da ke warwatse a hannunsu kuwa ba a tattara su wuri guda ba. Wanda aka sa ya tsare ma'auni ya zama yaron wanda a ke aunawa. Har ila yau rahoton ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan sashen ne ke barin aiki, a wani lokaci ma ya haura kashi 40. Ma'anar wannan ga mai ajiya a fili ta ke: kullum baƙuwar fuska ya ke tararwa, wadda ba ta gama koyon aiki ba. Daɗin daɗawa, tun da cika adadi ne tsanin ƙarin girma, sai waɗanda suka fi iya cika shi ta kowace hanya suka zama manajoji tun ba su ƙware ba, suka koya wa na bayansu abin da ya kai su nan.

Akwai kuma wata hujja a rahoton da ta tabbatar da nauyin shugaba na kusa. Ɓarnar ba ta bazu daidai a faɗin ƙasar ba. Ta fi muni a jihohin Kalifoniya da Arizona, inda wasu shugabannin yanki suka yi fice wajen matsi. Tsarin garaɓasa ɗaya ne, amma hannun da ya riƙe shi ya bambanta, sakamakon ma ya bambanta. Bankin yana da layin waya na kai ƙorafin rashin ɗa'a, sai dai wasu da suka yi amfani da shi sun rasa aikinsu. A 2017 hukumar gwamnatin Amurka mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta umarci bankin ya mai da wani manaja da aka kora bayan ya kai rahoton zamba, ya kuma biya shi kimanin dala miliyan 5.4. Ma'aikaci ba ya karanta ƙa'idar kai ƙorafi a littafi, yana karanta ta ne a kan abin da ya sami wanda ya kai jiya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Shugaban bankin, John Stumpf, ya sha tambayoyi a gaban Majalisar Dattawa a Satumba 2016, ya sauka a Oktoba, a watan da bankin ya soke yanka wa ma'aikatan rassa adadin ciniki. A Fabrairu 2018 Babban Bankin Amurka ya hana Wells Fargo ƙara girman kadarorinsa, takunkumin da ba a ɗage ba sai a Yuni 2025. A 2020 aka haramta wa Stumpf aikin banki har abada, bankin kuma ya amince ya biya dala biliyan 3. A 2023 Tolstedt ta amsa laifin kawo cikas ga binciken hukuma. Abin takaici a nan shi ne, kuɗin hidimar da bankin ya tara daga asusun bogin 'yan miliyoyi ne kawai, ba su kai ko kusa da tarar farko ba. Ba kuɗi ma'aikatan ke sata ba, lamba su ke ƙerawa, domin lamba aka ce su kawo.

Wata hanya dabam

Kada a ɗauka cewa maganin wannan cuta shi ne a ƙwace iko daga hannun manajan reshe. Akwai bankin da ya yi akasin haka ya ci riba. A 1970 Jan Wallander ya karɓi shugabancin Handelsbanken na ƙasar Suwidin a lokacin da bankin ke cikin matsala. Ya soke kasafin shekara da hedkwata ke yanka wa rassa, ya rage ma'aikatan hedkwata, ya danƙa wa manajan reshe ikon yanke shawara a kan mafi yawan rance, da farashi, da irin hajar da ta dace da mutanen garinsa. Ƙa'idar da suka yi suna da ita ita ce reshe ya yi hulɗa da waɗanda zai iya hangowa daga hasumiyar cocin garin, watau mutanen da ya sani. Ma'aunin reshe shi ne ribarsa da tsimin kashe kuɗinsa in an gwada da sauran rassa, ba yawan hajar da ya tura wa mutane ba. A 1973 aka kafa asusun rabon riba mai suna Oktogonen, wanda a tsarinsa na asali kowane ma'aikaci ke samun kaso daidai da na shugaban banki, kuma ba ya taɓa shi sai ya kai shekara 60. Wanda ladansa ke jiransa bayan shekara talatin ba shi da dalilin cutar mai ajiya domin jadawalin wannan mako.

Bankin ya ratsa rikicin bankunan Suwidin na farkon shekarun 1990 ba tare da gwamnati ta cece shi ba. Amma ba a rasa nono a ruga. A 2015 hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta ci shi tara saboda sakaci wajen hana safarar kuɗin haram, a 2020 kuma ya sanar da rufe kusan rabin rassansa na Suwidin, domin jama'a sun koma yin hulɗa ta waya da intanet. Duk da haka kwatancin yana da amfani. A bankunan biyu manajan reshe na da ƙarfi ƙwarai a kan na ƙasa da shi. Bambancin shi ne tambayar da a ke yi masa daga sama.

Inda maganar ta shafi Nijeriya

Mai sauraro da ya san bankunan Nijeriya ba zai ji labarin jadawali a matsayin baƙon abu ba. A Yuli 2004 Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. A cikin wannan guguwa ce Bank of the North na Kano ya narke a cikin Unity Bank. Gasar da ta biyo baya ta neman masu ajiya ce, aka cika rassa da 'yan talla, kowane da adadin kuɗin da aka yanka masa ya jawo a wata. An daɗe ana kuka a jaridu a kan irin halin da wannan ke jefa matasa, musamman mata, waɗanda a ke turawa ofisoshin attajirai a ce kada su dawo hannu rabbana. Ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan banki kuma sun daɗe suna ƙorafi a kan ɗaukar ma'aikatan kwantaragi ta hannun 'yan kwangila. Sau da yawa akawun da ke ƙirga miliyoyi a bayan kanta ba ma'aikacin bankin ba ne a takarda, albashinsa bai kai na abokin zamansa ba, ba shi kuma da tsanin hawa. Bankin ya ɗora fuskarsa a kan mutumin da bai yarda ya kira nasa ba.

A arewa akwai ƙarin nauyi a kan wannan akawu. Da yawa daga masu shigowa reshe, manomi ne ko mai kiwo ko tsohuwa mai karɓar fansho, ba sa karanta Turancin da aka rubuta takardun da shi. Abin da akawu ya fassara musu shi ne yarjejeniyar. Idan ya ce sa hannu a nan, za su sa. A irin wannan wuri tazarar da ke tsakanin hidima da cuta ƙanƙanuwa ce, kuma manajan reshe ne ke yanke ko za a ba akawu minti goma ya yi wa dattijo bayanin kuɗin da za a riƙa cire masa, ko kuwa za a daka masa tsawa ya rage layi. Shi ne kuma ke yanke ko za a sa mai jin Hausa a teburin ƙorafi. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a tsarin hedkwata ba.

An ga nauyin wannan kujera a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Shawarar daga Abuja ta fito, amma fushin jama'a a ƙofar reshe ya sauka, har aka farfasa wasu rassa a biranen kudu. 'Yan kuɗin da suka iso, a reshe aka yanke yadda za a raba su, ko bisa layi, ko ta ƙofar baya. Mutane sun riƙe abin da suka gani a waɗannan makonni, kuma da sunan banki suka riƙe shi.

Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma ƙa'idarsa ita ce mai ƙorafi ya fara kai kukansa bankinsa, ya ba shi wa'adi, in ba a share masa hawaye ba sa'an nan ya wuce gaba. Tsarin yana da ma'ana, sai dai ga mutumin karkara ƙofar farko ita ce teburin ƙorafi na reshe. Mai zama a wannan teburi kuwa a ƙarƙashin manajan reshe ya ke, manajan ne ke cika masa takardar auna aiki a ƙarshen shekara, kuma reshen manajan ne ƙorafin zai ɓata wa lissafi idan aka shigar da shi a littafi.